Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Haɗa Maɗaurin Murfin Inji na Babur ɗin Ruwa na Tsaye da Hannunka

Duk wanda ya ɗan jima yana hawan babur ɗin ruwa na tsaye ya san cewa murfin inji shi ne abin da ba a tuna shi sai ranar da ya tashi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan maɗaurin da ke riƙe shi. Na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya yi da abin da idona ya gani.

Wane irin babur ake nufi da "na tsaye"?

Shi ne wanda ba shi da kujera. Mutum ɗaya ke hawansa, ya durƙusa ko ya tsaya a wani ɗan faranti da ke baya, ya riƙe kan babur ɗin da ke maƙale a doguwar sanda mai ɗagawa da sauka. Kamfanin Kawasaki ne ya fara fito da shi kasuwa a 1973, kuma sunan Jet Ski ma nasu ne, sai daga baya mutane suka mai da shi sunan kowane babur na ruwa. Yamaha ta shigo da nata, SuperJet, a 1990. Tsofaffin irin su JS550 da 650SX da 750SX da SuperJet mai inji 701 su ne suka fi yawa a hannun masu gyara da kansu, kuma su ne suka fi buƙatar wannan aikin, saboda sakatarsu da robar bakin murfinsu mai hana ruwa shiga sun sha shekaru.

A dukkansu injin yana gaba, a ƙarƙashin sandar tuƙi, kuma murfi ɗaya ne ya rufe shi tare da batir da tankin mai.

Ai murfin yana da sakatarsa. Me ya kawo ƙarin maɗauri?

Yana da ita, kuma ba na raina ta. A yawancin baburan nan, gaban murfin yana shiga cikin ƙugiya ne, bayansa kuma sakata guda ɗaya ke danne shi. An yi wannan tsarin don mai hawa a ruwa kwance, ya juya, ya faɗi, ya tashi. Amma idan babur ya yi tsalle ya sauko da hanci, ko igiyar ruwa ta nannaɗe shi ta buga da ƙasa, jikin babur ɗin kansa yakan ɗan lanƙwasa na ƙiftawar ido. A wannan ƙiftawar sakata ke zamewa, ko ƙugiyar gaba ta karye. Wani lokacin ma murfin ba ya fita gaba ɗaya, gefe ɗaya ne zai ɗaga ya koma, amma ruwa ya riga ya samu hanya.

Ka tuna kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗakin inji a buɗe cika yake yi nan da nan, hancin babur ya nutse, ya rage sai ɗan abin da soson cikin jikinsa ya iya riƙewa a sama. Mafi muni shi ne idan injin yana aiki a lokacin. Zai zuƙi ruwa ta kafireta, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka fistan zai taso ya tarar da bango. Nan ne sandar fistan ke lanƙwashewa.

Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni. Na sayi wani bel na ɗaure kaya mai arha, na ɗaura, na yi wata biyu ina murna. Ranar da igiya ta kifar da ni, da na ɗago kai sai na ga murfin yana yawo shi kaɗai can gefe, babur ɗin kuma bayansa kawai ake gani. Bel ɗin bai tsinke ba ko kaɗan. Ƙaramin sifirin da ke cikin kan bel ɗin ne tsatsa ta cinye, haƙoran suka saki. Kwana uku na yi ina fitar da ruwan gishiri daga cikin inji, kuma ban yi barci mai daɗi ba sai da na ji ya tashi. Tun daga ranar na daina kallon bel, na koma kallon ƙarfen da ke riƙe shi da kuma wurin da aka kafa shi.

Ni a tafki nake hawa, babu igiya. Dole ne in saka?

Ba dole ba ne. Idan sakatarka lafiya take, robarka sabuwa ce, kuma ba ka tsalle, bar jikin baburinka yadda yake, kada ka huda shi a banza. Amma ranar da ka fara bin sawun jirage kana tsalle a kan igiyarsu, ko ka fara koyon nutsar da hanci, to lokaci ya yi.

Wane irin bel ya dace?

Saƙaƙƙen bel mai faɗi ana yin sa da abu uku, kuma a ido duk kama suke yi da juna.

Na nailan yana da ƙarfi sosai, amma yana shan ruwa, idan kuma ya sha sai ya miƙe. Za ka ɗaure shi tam a bakin ruwa, bayan minti goma ka taɓa ka ji ya saki. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga lissafi. Na folifurofilin ba ya shan ruwa, yana da sauƙin nauyi, amma rana tana kashe shi da wuri: za ka ga ya fara fari-fari, in ka murza shi ya yi gari a yatsa. Na foliyesta shi ne na wannan aikin. Ba ya miƙewa sosai, jiƙa ba ta canza shi, kuma yana jure rana fiye da sauran biyun.

Maganar faɗi kuwa, mai milimita 25 ya isa ta fuskar ƙarfi, domin murfi ba shi da nauyin da zai tsinka shi. Duk da haka na fi son mai 38 ko mai 50. Bel mai faɗi yana raba matsi a kan murfin, ba ya cin fenti kamar siriri, kuma ba ya murɗewa ya zama igiya.

Zan iya amfani da tsohon bel ɗin kujerar mota?

Ƙwarai kuwa. Da foliyesta ake yin sa, faɗinsa ya kusa milimita 50, yana da laushi, yana kwanciya luf a kan murfi, kuma keken ɗinki ba ya wahala da shi. Ka zaɓi ɓangaren da ya zauna a naɗe a ciki, wanda rana ba ta gasa ba. Abin da ba na so shi ne makullinsa. An yi shi don cikin mota, cike yake da ƙananan sifirin na baƙin ƙarfe, yashi kaɗan ya shiga ko gishiri ya taɓa shi sai ya ƙi buɗewa ko ya ƙi rufewa. Ɗauki bel ɗin, bar makullin.

To wane kan bel zan saka, mai racet ko mai danna haƙora?

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Mai racet, wato wanda ake ɗaga hannunsa ana saukewa yana naɗe bel, yana matsewa sosai kuma ba ya zamewa. Masu shiga manyan igiyoyi shi suka fi so. Aibinsa biyu ne. Na farko, yana ba ka ƙarfin da ya wuce buƙata, har ka iya tsaga murfi ba ka sani ba. Na biyu, dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwoyi, kuma idan ka faɗo a kan babur gwiwarka ko haƙarƙarinka shi zai fara samu.

Mai danna haƙora shi ne wanda ake zura bel a ja da hannu, wani ɗan harshe mai haƙora ya cije shi. Ƙarami ne, a kwance yake, kuma yatsa ɗaya ke sakin sa. Ba ya matsewa kamar racet, kuma idan haƙoransa sun sule yakan saki jiƙaƙƙen bel a hankali.

Abin da nake gaya wa kowa shi ne ya auna zaɓinsa da tambaya ɗaya: zan iya buɗe wannan abin ina cikin ruwa, hannuna ya yi sanyi, igiya tana jijjiga ni? Domin akwai ranar da za ka buƙaci buɗe murfi da gaggawa, ko don ka cire fulogi ka fitar da ruwa da zarar kun kai gaɓa, ko don ka duba warin mai da ka ji. Maɗaurin da sai an nemo sukundireba kafin a kwance shi haɗari ne da kansa. Ni dai mai danna haƙora nake sakawa a baburin da nake hawa a ruwa kwance, racet ƙarami marar tsatsa kuma a wanda nake shiga teku da shi.

Na roba mai ƙwas-ƙwas irin na jakar goyo kuwa, kada ma a fara. Bugu ɗaya yake fashewa.

Yaya zan gane ƙarfen da ba zai yi tsatsa ba?

Ƙyalli ba shaida ba ne. Baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin zinki yana ƙyalli fiye da na gaske ranar da aka saye shi. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Idan ya manne ƙam, ajiye abin. Ƙarfe marar tsatsa irin wanda muke so ba ya kama maganaɗisu, ko kuma ya ɗan ja shi kaɗan-kaɗan.

Sannan shi ma marar tsatsan iri-iri ne. Wanda ake kira 304 ya wadatar a ruwan daɗi. A ruwan gishiri 316 ake so, saboda an haɗa shi da wani sinadari, molibdinam, wanda ke hana gishiri yi masa ƙananan ramuka. Duba kan bol ɗin da kyau: idan an buga A2, dangin 304 ne, idan A4 ne, dangin 316 ne. Rubutun ƙanana ne, sai ka karkata shi ga haske.

Kuma ka binciki kan bel ɗin gaba ɗayansa, har sifirin da ƙusar da harshen ke juyawa a kanta. Akwai waɗanda jikinsu marar tsatsa ne amma sifirin ɗin baƙin ƙarfe ne, kuma irin wannan ne ya jefa ni cikin wahalar da na faɗa a sama.

Abu ɗaya kuma: idan alminiyam da ƙarfe marar tsatsa suka haɗu a ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya yi farin gari a kewayen bol. In dole sai ka haɗa su, raba su da washa ta roba, ka shafa man girisi na ruwa.

A ina zan kafa bakin maɗaurin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita ce aka fi gaggawa a kanta.

Jikin babur gida biyu ne, na sama da na ƙasa, an manne su da gam a wani leɓe da ya zagaye shi, inda robar kariya ke zaune. Wannan leɓen shi ne wuri mafi kauri da za ka samu a saukake, kuma idan ka huda shi hujin bai shiga cikin ɗakin inji ba, daga waje ya shiga a waje ya fita. Shi ya sa mutane da yawa suke kafawa a nan. Bel ɗin zai taso daga leɓen hagu, ya haye murfi, ya sauka a leɓen dama. Illarsa ita ce bel ɗin yana da tsawo, kuma ƙasansa yana shan ruwa kai tsaye idan ka kwantar da babur a kwana, don haka kada ka bar wani abu yana reto a wurin.

Hanya ta biyu ita ce kafawa a bangon sama, ɗan ƙasa da bakin murfi. Bel ya fi gajarta, jan kuma ya fi miƙewa ƙasa, abin da ake so ke nan don roba ta dannu. Amma bangon nan siriri ne, kuma hujinka cikin ɗakin inji zai faɗa. Idan nan ka zaɓa, dole ne ka sa faranti a baya. Ƙaramar washa ba ta isa ba. Ranar da igiya ta fizgi murfi, noti da washarsa za su ɓalle su fito ta cikin faiba, wato kayan da aka yi jikin babur da shi, su bar maka rami kamar an ciji burodi. Yanko farantin ƙarfe marar tsatsa, ko alminiyam mai kaurin milimita 3, faɗinsa ya kai kamar tafin yaro, ka goge kusurwoyinsa su zama da'ira don kada su tsaga faiba daga ciki. In babu faranti, to mafi ƙaranci babbar washa mai faɗi.

Kafin ka yanke shawara, buɗe murfi, zura hannunka ciki, ka taɓa daidai bayan wurin da kake son hudawa. Idan yatsunka ba su kai wurin ba, sifana ma ba za ta kai ba. Idan ka ji soso, canza wuri, domin wasu sassan jikin babur cike suke da soson da ke hana shi nutsewa, kuma hujin da ya shiga soso hanya ce ta ruwa. Soson zai yi ta sha a hankali har babur ya yi nauyi, ba kuma ya bushewa da sauƙi. Duba tiyon mai, wayoyin wuta, kebul ɗin sitiyari, da jikin tanki. Wasunsu a manne suke da bango.

Sukurun da ake murɗawa cikin faiba kai tsaye ba tare da noti ba, wannan ba kafawa ba ce. Bol ake so mai ratsawa ya fita, M6, wato mai kaurin milimita 6, ya isa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi.

Bel ɗin kansa zan huda in sa bol, ko kuwa?

Duka biyun ana yi. Mafi tsafta shi ne ka kafa ɗan ƙarfen nan mai kama da hannun akwati, mai bol biyu, ka zura bel ta cikinsa ka ɗinke. Bol biyu sun fi ɗaya raba nauyi, kuma in bel ya tsufa sai ka yanke ka sa wani ba tare da ka taɓa jikin babur ba.

Idan kuwa bel ɗin za ka ɗaure da bol kai tsaye, ninka bakinsa biyu ko uku, sannan ka huda da ƙusa mai zafi. Zafin yana narkar da zaren kewayen hujin ya haɗe su wuri ɗaya. In ka huda da wuƙa ko almakashi, ka yanke zaren ke nan, daga nan zai fara warwarewa. Sa babbar washa a sama ta danne bel ɗin sosai, don matsewar ce za ta riƙe shi, kada nauyin ya rataya a kan hujin.

Yaya ake huda jikin babur ba tare da ya tsage ba?

Fara da cire kan batir, ka bar murfi a buɗe iska ta ratsa sosai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan ɗakin inji yake kwanciya, injin huda kuwa yana tartsatsi a cikinsa. Idan hancinka yana jin warin mai, ba ranar huda ba ce, ranar neman inda yake yoyo ce.

Manna salatif na takarda a wurin, ka yi alamarka a kansa. Rufe murfi, sauke sandar tuƙi, ɗora bel ɗin yadda zai zauna, ka sake duba alamar. Fara da ƙaramin baki, kamar milimita 3, a hankali, ba dannawa. Sannan ka faɗaɗa zuwa 6.5. Idan ka ji bakin ya kusa fita ta baya, sassauta hannu, domin a nan ne faiba ke ɓarewa. Daga ƙarshe ɗauki babban baki ka murza shi da yatsu a bakin hujin, ka ɗan kwashe kaifin fentin. Wannan ɗan aikin na daƙiƙa biyar shi ke hana tsagar nan mai kama da saƙar gizo da ke fitowa a kewayen bol bayan wata ɗaya.

Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi kuma ba ta da kyau ga huhu. Rufe hanci, ka share ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Wane gam zan sa a hujin?

Gam na jiragen ruwa. Na kamfanin 3M guda biyu ne aka fi sani, 4200 da 5200. Shi 5200 idan ya kama ya kama ke nan, ranar cirewa sai ya taho da fenti, kuma na asalin yakan ɗauki har mako guda kafin ya gama bushewa. Don wannan aikin 4200 ya fi, tunda wata rana za ka so kwancewa. Shafa a cikin hujin, a wuyan bol, da ƙarƙashin faranti. Riƙe kan bol ɗin kada ya juya, ka ɗaure daga wajen noti, don in bol ya juya zai share gam ɗin daga inda ake buƙatarsa. Ɗiga ɗan mai a zaren bol kafin ka sa noti, saboda ƙarfe marar tsatsa yana da halin cije ɗan'uwansa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da ka ga gam ya ɗan fito ta gefe kuma abin ya zauna, tsaya. Faiba ba ƙarfe ba ce, in ka ci gaba da murɗawa za ka ji ta fara ƙara.

Ɗinkin fa? Ba ni da babban keke.

Zaren shi ne farko. Na auduga ruɓewa yake yi a ruwa. Nemi zaren foliyesta mai kauri, irin wanda ake ɗinka tamfol da rumfar jirgi da shi. Ninka bel ɗin ya hau kansa kamar santimita 5 zuwa 7, ka ɗinka murabba'i, sannan ka ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Irin ɗinkin da kake gani a hannun jaka mai kyau ke nan. Idan keken gida ya gaza, mai ɗinkin kujerun mota ko mai gyaran takalma zai yi maka shi cikin 'yan mintoci, amma ka tafi da zarenka. Da hannu ma ana yi, da basilla da haƙuri, sai dai ka sa ɗinkin kusa-kusa kuma ka koma ta kansa sau biyu.

Kowane bakin da ka yanke, ƙona shi da wuta kaɗan har ya narke, ka danne shi da gefen wuƙa. Ka yi wannan nesa da babur.

Guda nawa zan saka, kuma ta ina za su bi?

Ga mafi yawan mutane guda ɗaya a gicciye ya isa, a sa shi wajen tsakiya zuwa baya. Wanda ƙugiyar gabansa ta riga ta gaji, ko mai shiga manyan igiyoyi, ya sa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Wasu suna bi da su ta tsawo, daga hanci zuwa baya, ɗaya a kowane gefen sanda. Hakan ma yana aiki, sai dai yana buƙatar huji huɗu.

Ko ta ina ka bi, bel ya wuce ta ƙarƙashin sandar tuƙi, kada ya taɓa hawa kanta. Ɗaga sandar har ƙarshe, sauke ta har ƙasa, juya kan hagu da dama, ka tabbata babu inda ya goga. Kan bel ɗin ya zauna a gefe, inda sanda ba za ta sauko ta buge shi ba kuma gwiwarka ba ta kaiwa. Manna ɗan guntun roba ko soson shimfiɗar ƙafa a ƙarƙashinsa don kada ya ci fenti. Jelar da ta rage kada ta wuce tsawon tafin hannu. Doguwar jela tana iya naɗe hannu ko ƙafa a lokacin faɗuwa, ko ta kama igiyar kashe inji da ke ɗaure a wuyan hannunka.

Bel zai iya toshe wa inji iska?

Zai iya, idan ba a lura ba. Injin yana shaƙar iskarsa ne ta ƙofofin da ke jikin murfi, su ne kuma ke fitar da tururin mai. Bel mai faɗin milimita 50 da ya kwanta a kan ƙofa ɗaya ya isa ya sa babur ya riƙa shaƙewa idan ka ba shi wuta. Gano inda ƙofofin naka suke kafin ka yi alama.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a kaina da kuma abokan hawa. Da zarar an sa maɗauri, sai ƙyuyar buɗe murfi ta shigo. A da mutum yakan ɗaga murfi kafin ya tayar da inji, ya sunsuna, ya bar iska ta shiga. Yanzu ya ga sai ya kwance bel, sai ya ce bari kawai. Kada ka yarda da wannan. Tururin fetur da ya taru a rufaffen ɗaki tartsatsi ɗaya yake jira, kuma murfin da aka ɗaure tam ba shi da ta inda zai saki ƙarfin fashewar. Buɗe murfi kafin tashin farko na kowace rana, da kuma bayan kowane shan mai.

Yaya zan san na matse daidai?

Rufe sakata tukuna, sannan ka ja bel. Kalli robar da ke bakin murfi: so ake ta ɗan dannu ko'ina daidai, kada ta baje. In ka ga tsakiyar murfin ya fara lotsawa, ko sakata ta saki ta fara rawa, ka wuce gona da iri. Kama murfin da hannu biyu ka girgiza shi da ƙarfi. Idan babur ɗin gaba ɗaya ne ke motsi tare da shi, ya yi.

Idan ka dawo gida, sassauta shi. Robar da aka bari a matse mako da makonni tana mutuwa a haka, ba ta sake tasowa.

Na saka maɗauri amma har yanzu ina samun ruwa a ciki.

To matsalar ba ta maɗauri ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon a nan roba ce. Yanko siririyar takarda, ka sa ta a bakin murfi, ka rufe, ka ja. Idan ta fito salin-alin, wurin ba ya dannuwa. Zagaya murfin duka da wannan gwajin, musamman kusurwoyi. Robar da ta taurare ko ta tsattsage sai dai a sauya ta, ƙara matse bel ba zai dawo da ita ba.

In roba lafiya take, sa wani ya watsa ruwa da tiyo a kan sababbin bol ɗinka, sannan ka buɗe ka taɓa bayansu da busasshen yatsa. Ka sani kuma ɗan ruwa yakan shiga ta ƙofofin iska duk lokacin da babur ya kife, wannan ba laifin kowa ba ne, aikin famfon fitar da ruwa ne.

Ba na son huda baburina ko kaɗan. Akwai wata dabara?

Ana iya sa ƙugiyoyi masu faɗi a bakin bel su kama ƙarƙashin leɓen gefe. Don gwaji na yini ɗaya a ruwa kwance, babu laifi. Amma ƙugiya tana riƙewa ne muddin bel yana a miƙe. Da jikin babur ya lanƙwasa bel ya saki na ɗan lokaci, sai ta zame, wato a daidai lokacin da aka sa ta dominsa. Zagaye babur gaba ɗaya da bel ta ƙarƙashi kuwa kada a yi: yana ɓata tafiyar ruwa a ƙasan jiki, in kuma ya zame baya, famfon da ke zuƙar ruwa ya tura babur gaba zai zuƙe shi ya naɗe. Igiyar roba mai miƙewa ita ma ba ta da amfani a nan, tunda miƙewar ce ake gudu.

Wani lokacin akan dace da bol ɗin da ke jikin babur tun asali a wurin da ya dace, sai a sa wanda ya ɗan fi shi tsawo a rataya bel a kai. Duba naka da kyau kafin ka ɗauko injin huda.

Yaushe zan sauya shi?

Wanke shi da ruwan daɗi bayan kowane hawa a teku, ka buɗe harshen kan bel ɗin ruwa ya ratsa ya fitar da yashi, ka ɗiga masa mai kaɗan. Gishirin da ya bushe a cikin saƙar bel yana zama ƙananan duwatsu masu kaifi da ke cin zare daga ciki.

Wuri uku nake dubawa kafin in sa babur a ruwa. Inda bel ya lanƙwasa a kan gefen murfi, don nan yake fara gashi-gashi. Inda haƙora ke cizo kullum, wanda za ka ga ya yi sulɓi ya yi baƙi. Sai ɗinkin, musamman layin farko da ke fuskantar ja. Idan launin bel ya koɗe ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ko ka ga zare ko da ɗaya ya tsinke a ɗinki, yanke shi ka sa sabo. Sau ɗaya a wata kuma ka zura sifana mai lamba 10 ta ciki ka taɓa kowane noti, ka haska tocila a kewayen farantin ka ga ko faiba ta fara yin farin layi.